Bikin Kaka, da Kuskuren da Ban Gyara Ba

Shekara goma sha huɗu na yi ina koyar da Hausa a Zariya kafin mu zo ƙasar nan, kuma a cikinsu ban taɓa barin ƙ ta wuce ni babu lanƙwasa ba. Ɗalibaina suna kirana Malama Jan Biro a bayan idona, suna tsammanin ban sani ba, alhali har mai sayar da ƙosai a bakin makaranta da sunan take gaishe ni. Na faɗi wannan ne don ku gane, ke Ummi da kai Faruku, cewa kuskuren da aka rene ku a kansa ba gafala ce ta bar shi ba. Na gan shi tun ranar da aka haife shi, na ɗaga biro, na mayar. Ke Ummi kin daɗe kina ba da labarin a gaban baƙi kamar wadda aka yi wa zamba cikin aminci. Kai kuma Faruku kana ba da shi kamar da wayonka aka yi, alhali a lokacin babban aikinka cin takardar da ake yankawa. To ga yadda abin ya kasance, daga bakin mai laifin.

Inna, mahaifiyata, ta zo mana Gaithersburg, nan Amurka, shekara guda bayan rasuwar Baba. Tana da ciwon suga, kuma ta taɓa faɗuwa a tsakar gidanmu na Tudun Wada, ba wanda ya sani sai da maƙwabciya ta shigo aron taɓarya. Kawunku yana can Fatakwal wurin aiki, matarsa ma ma'aikaciya ce. Shi ya sa muka yi ta jelen takardu har aka ba ta izinin zama, muka gyara mata ɗakin ƙasa don kada ta sha hawan bene, muka saya mata durowa mai aljihu shida. Ta yi godiya, ta sa albarka, sannan ta ce ba za ta hau jirgi ba sai ta ga takardar komawa da idonta. Aka yanka mata tikitin dawowa, farkon Disamba. Wata biyar durowar nan tana tsaye babu komai a cikinta sai ƙamshin sabon katako. Inna takan ciro zani daga akwati, ta ɗaura, a wanke, ta ninke ta mayar cikin akwati, kamar mai jiran mota a tasha.

Dalilin da take faɗa sanyi ne. Wanda ba ta faɗa, kowa a gidan ya san shi: uwa ba ta tarewa a gidan suruki. Abbanku yana durƙusa mata safe da yamma, ita kuma tana jan mayafi tana amsawa bango. Sai na uku, wanda ya fi ci mata rai, wato zaman banza. Inji ke wanki, inji ke niƙa, inji ke wanke kwano. Ta ce ba ta taɓa ganin gidan da ko tsintsiya sai an jona ta da wuta ba. Na ji ta a waya tana gaya wa ƙanwarta, Gwaggo Asabe, cewa an kawo ta an ajiye kamar kwanon jere a ɗakin amarya, a goge a kalla.

Za ku ce me ya hana ni zama in roƙe ta. Ni ce 'yar fari. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma magana mai nauyi ba ta taɓa bin hanya miƙaƙƙiya tsakaninmu ba. In tana son wani abu sai ta dubi sama ta ce, a ce wa Malama gishiri ya ƙare, ko da ni kaɗai ce a ɗakin. Na iya tsayawa gaban aji cike da samari in sa su yi tsit da ido kawai, amma in buɗe baki in ce, Inna kada ki tafi, ina tsoron a sake tsintarki a ƙasa, wannan darasi ba a koya mini shi ba.

Ke kuma Ummi kina aji biyu, shekararki bakwai. Sunan Inna aka sa miki, shi ya sa muke sakaya shi, ita kuma take kiranki takwara. Kina jin Hausa sarai, musamman in ana maganar da ba a so ki ji, amma amsa sai da Turanci. Inna ta yi miki tambaya, ki ba ta amsa, ta juyo ta ce a fassara mata abin da Baturiyar takwararta ta ce. Kalma ɗaya tak kike ba ta da Hausa, ita ce Kaka.

Ranar da abin ya faru, farkon Nuwamba ne, kin dawo makaranta da wani tsuntsun takarda da aka zana da tafin hannunki, babban yatsa shi ne kai, sauran huɗun gashin jela. Tare da shi akwai wasiƙar malamarku, tana cewa kowane yaro ya ƙawata teburin gidansu da abin da ya yi da hannunsa don Thanksgiving. Inna ta juya tsuntsun sama da ƙasa ta tambaya ko zakara ne ko angulu. Abbanku, wanda aikinsa ke nan a sashen Hausa na gidan rediyo, ya mayar da maganar duniya zuwa harshen gida, ya rage tsawo ya ce mata talotalo ne, kuma biki ne na mutanen ƙasar nan, bikin kaka, dangi su taru su ci abinci su yi godiya. Fassara ce mai kyau, da a aji ne da na ba shi tara cikin goma. Amma Bahaushe ya yi rowar kalma a nan: kakar da ake girbi a cikinta da kakar da ake hawa cinyarta, baki ɗaya yake faɗinsu. Ke kuwa ɗaya kawai kika sani. Na ga idanunki sun buɗe. Kika tambaye ni da Turanci ko dai shi ya sa ake rufe makarantu, kuma me ya sa malamarku ta tsaya labarin jirgin ruwa da masara ta bar ainihin maganar. Kafin in haɗiye ruwan da ke bakina kin isa gaban Inna.

"Kaka, biki naka ne."

Jimlarki ta farko ke nan da Hausa a gabanta. Kalma huɗu, kuskure biyu. Na riga na ja numfashi zan fara da babban. Inna ta riga ni.

"Naki ake cewa, takwara. Ni ba ƙato ba ce."

"Biki naki ne."

"To, madalla. Me ake yi wa mai biki?"

Ta gyara ƙaramin ta bar babban. Matar da ta yi shekara arba'in tana casar gero da sussukar dawa ba za ta kasa sanin wace kaka ake nufi ba. Na lura da haka a lokacin, amma ban yarda da abin da na lura ba. Abin da na gani shi ne kin zauna a ƙasa kin jingina da gwiwarta, kina haɗa Hausa da hannu da Turanci kina bayani, ita kuma ta bar jan carbi tana saurare. Na rufe bakina.

Washegari a mota Abbanku ya ce a wurin aikinsu in an yi kuskure a shirin safe, a na rana ake gyarawa. Na ce a bari sai bayan biki. Ya dube ni ta gefen tabarau ya tambaya ko Malama Jan Biro ce ke magana. Na ce masa biron ya ƙare, ya kalli titi.

Ranar Asabar muka ɗauke ku zuwa wata gona a arewa da gari, inda gidaje ke ƙarewa dawakai su fara. A hanya Inna ta yi ta salati tana ƙirga kabewar da aka bari a ƙofofin gidaje tun wani bikinsu da ya wuce, an huda musu ido da baki suna ruɓewa. Ta ce mutanen da ke yi wa miya haka, dole ne su ware rana guda su nemi gafara. A gonar kuwa sai ta canza. Ta sunkuya, abin da likita ya hana, ta ɗebi ƙasa ta murza ta sansana, ta ce ƙasar gyaɗa ce ake ɓata ta da furanni. Ta ga masara mai ja da shuɗi da baƙi a goyo ɗaya, aka ce mata ba a ci, ado ce, ta ce ashe tana da 'yan'uwa a ƙasar nan. Sannan ta hango duma, tuli guda, masu dogon wuya irin na ludayi. Ta ɗauki ɗaya ta ƙwanƙwasa da farce, ta girgiza a kunne, ta ajiye. Ɗanye ne, in ji ta, bana ba shi da amfani. Ke dai kika zaɓi biyar kika zuba a keken kaya, kika ce da Turanci suna kama da agwagi. Mai gonar, wani dattijo mai jan wuya, da ya ga Inna tana tsince ɓawon masara daga ƙasa tana miƙar da shi a cinya, ya shiga rumbunsa ya fito mana da buhu guda.

Da muka dawo, a karon farko na ga an kwashe akwatin nan har ƙasa. Daga can gindinsa Inna ta ciro wani ƙullin tsumma, a ciki akwai basilla biyu da wata 'yar wuƙa da wasawa ta cinye rabinta. Na rubuta a raina cewa mai ziyarar wata shida ba ta tahowa da basilla.

Faifai ta ce za a yi, kowane baƙo da nasa a ƙarƙashin kwano, tun da babu kaba za a gwada ɓawon masara. Aka jiƙa shi a ruwan ɗumi aka tsattsage shi siri-siri. Rini kuwa daga kicin ɗina aka kwasa: zoɓo ya ba da ja, kurkum ya ba da rawaya, ganyen shayi ya ba da ruwan ƙasa, kuma tukunyata ta farfesu ba ta sake komawa launinta ba har ta mutu. Saura ciyawar da ake naɗewa a ciki. Inna ta dubi sama ta ce a ce wa Malam ta ga wata doguwa a bakin rafin bayan gidaje. Haka Abbanku, mutumin da ake jin muryarsa daga Kano har Agadas, ya tsuguna a bayan gidajen mutane da almakashin kicin yana yankan ciyawa, masu yawo da karnuka suna gaishe shi cikin tausayi.

Mako uku ɗakin ƙasa ya zama masaƙa. Kina sauka daga motar makaranta ki jefar da jaka ki wuce can. Hausar da kika fara koya ta umarni ce: naɗa, soka, ja, ja da kyau, warware. Warware kin fi ji. Faifanki na farko ya fito kamar hular da mota ta taka, Inna ta ɗaga shi ta ce ko kaza ba za ta yarda a yi mata bakace da wannan ba, ke kuma kika ce mata tsuntsun da ta yanka ya fi kama da jemage. Don ke ma kin sa ta a naki ajin. Kin ɗora hannunta a kan takarda kin zagaye shi da fensir, har da ɗan yatsan nan da taɓarya ta lanƙwasa tun tana budurwa, sai talotalonta ya fito da gashi ɗaya a karkace. Kin koya mata goge ganyen bishiya tsakanin takardu biyu masu maiƙo don kada launinsa ya gudu, kuka shirya su a zare ja da rawaya. Ta ce a Tudun Wada da awaki sun gama da wannan ado tun kafin a kira sallah. Ni aikina yanka kati da hana Faruku cin gam. Da kika zo rubuta sunayen baƙi kika tambaye ni yadda ake rubuta sunan Inna na yanka, na ce ki duba bangon littafinki, don ni bakina bai taɓa faɗinsa ba. Kika ga abin ya yi tsawo, kika rubuta KAKA da manyan baƙaƙe.

Kada ku ɗauka hankalina ya kwanta. Saura kwana huɗu biki na ji ta a waya tana gaya wa kawunku a sa a share mata ɗaki a shanya katifa. Basilla na hannunta, akwati na nan a zuge.

Ranar Alhamis ɗin bikin bayan la'asar muka zauna. Maman Bitrus, nas 'yar Pankshin da ke aiki a wani asibiti a Largo, ita ta gasa talotalon da Abbanku ya sayo a shagon halal, ta cusa masa yaji har ya manta ƙasarsu. Malam Isufu na Damagaram, abokin aikin Abbanku, da matarsa sun makara, sun taso daga Woodbridge babbar hanya ta riƙe su. Inna ta yi miyar taushe da kabewa, wai ta ceci guda ɗaya daga wulaƙanci. Teburin kuwa, ban taɓa ganin irinsa ba kafin nan ko bayan nan. Faifai tara, takwas kamar an zana su da kamfas, ɗaya mai kama da hula, kuma shi Inna ta ja gabanta. Zaren ganye ya zagaye gefe, talotalon takarda a jingine da kowane kofi, masara mai launi, a tsakiya kuma duman nan biyar, kore shar, suna miƙe da wuya.

Al'adar bikin ce kowa ya faɗi abin da yake godiya a kai. Da aka zo kanki kika miƙe, kika karanto abin da kika yi kwana uku kina haddacewa, cewa yau duk Amurka ba aiki ba makaranta saboda bikin kaka ne, kuma ga taki Kakar. Maman Bitrus ta tafa ta ce su ma a cocinsu na gida ana godiyar kaka, a kai doya da acca gaban ikilisiya. Kika tambaye ta ko a mota ake kai kakannin ko da ƙafa suke zuwa. Cokula suka tsaya. Malam Isufu mutum ne mai son gaskiya fiye da yadda gaskiya ke son kanta. Ya ajiye ƙashi ya gyara zama.

"A'a, ɗiyata, ai kakar da ake nufi..."

"Malam Isufu, miƙo mini yajin nan," in ji Inna.

Yajin yana gabanta, har hannunta na taɓa shi. Malam Isufu ya dubi yaji, ya dubi Inna, ya miƙa hannu ya ɗaga ya sake ajiye mata a inda yake.

"Takwara ta faɗa daidai," ta ce. "Na shuka Malama, na yi noma, ga abin da na girba. Ku bar mini bikina."

Ke ba ki san an yi yaƙi an gama ba. Kin jawo duma ɗaya kina tambayar yaushe za a mayar da shi ludayi kamar yadda ta ce ana yi. Inna ta karɓa ta girgiza a kunnenki, babu motsi. Ta ce sai ya bushe, sai 'ya'yan sun yi kuka a ciki, kuma a wannan sanyin namu wata biyar ne ko shida. Kika ƙirga a yatsun talotalon takarda, yatsun suka ƙare.

"Amma za ki tafi."

Inna ta dubi fitilar da ke rataye a saman tebur, inda take ajiye duk maganar da ta shafe ni.

"Ba a fafe gora ranar tafiya. A ce wa Malam ya ɗaga takardar jirgin nan. In na bar su a hannun Malama, da jan biro za ta fafe su."

Na tashi na ce zan duba shinkafa. Babu shinkafa a kan wuta, kuma kowa ya sani.

Washegari aljihun durowa biyu suka cika. Da dangi suka fara ƙananan maganganu daga gida, sai ta ce musu ita ba gidan suruki take ba, gidan takwararta take. Ta yi shekara bakwai tare da mu. Ba kyauta ta yi su ba: gwiwoyinta ba su taɓa yafe wa sanyi ba, kuma Gwaggo Asabe ta rasu a shekara ta biyu, Inna ta karɓi gaisuwa ta waya a kan kujerar ɗakin ƙasa. Ranar na yi tunanin da na gyara kuskuren nan da tana can a gefen ƙanwarta. Har yau ban gama wannan lissafi ba, kuma ba na tsammanin zan gama. A shekara ta takwas ta koma da ƙafarta, ta rasu a ɗakinta na Tudun Wada, yadda take so, Allah Ya jiƙanta.

Na ce a bari sai bayan biki, amma ban faɗi wane biki ba. Da kika girma kika gane Amurkawa ba don kakanni suke hutu ba, sai kika yanke cewa al'adar Hausawa ce muka ɗora a kan tasu, mu kuma muka yi shiru muna saƙa faifai duk shekara. Kina da shekara goma sha tara kika je Zariya hutu, kika tambayi 'ya'yan kawunku a gaban jama'a yaushe suke nasu Bikin Kaka, kuma wa ke yi musu rini. Na san sun yi dariya har da riƙe bango, na san da ciwo, kuma wannan laifina ne ba na Inna ba. Kin kira ni kin yi mini faɗa mai tsawo. Ina riƙe da waya ina saurare da kunnen sana'ata. Da Hausa kika yi shi tun daga farko har ƙarshe, har da karin magana biyu, ban sami kuskure ko ɗaya ba. Na ba ki haƙuri, kuma da gaske nake, amma ki yafe mini, ina murmushi.

Cikin duman nan biyar biyu sun ruɓe, uku sun yi kuka a watan Afrilu, Inna ta fafe su da 'yar wuƙarta ta ƙona musu zane da bakin basilla. Ɗaya na wurinki, ɗaya na wurin Faruku in bai ɓatar ba, ɗaya ina shan fura da shi. Makon jiya, Ummi, da kika kawo mini 'yarki, ta ɗora hannuna a kan takarda tana zagayawa da fensir, ta ɗago ta tambaye ni wai da gaske bikin nawa ne. Na ce ta tambayi uwarta. Jan biron yana durowar kicin, aljihun hagu, in kina so.